Haɗa bindigar ɗuri daga kwali: amsa ga ɗan'uwa mai son farawa

Wani ɗan'uwa da ke zaune a jihar Ohayo ta Amurka ya ce ya ga ana sayar da bindigar ɗuri irin ta mutanen da a wargaje cikin kwali, mutum ya saya ya haɗa abinsa a gida. Kakansa maharbi ne mai bindigar toka, ganin abin ya tuna masa da shi. Yana tambaya ko wanda bai taɓa aikin katako ba zai iya, wace iri ya kamata ya saya, kuma a ina masu farawa suka fi yin ɓarna.

Ɗan'uwa, za ka iya. Na haɗa irin waɗannan da dama, kuma ta farkon da na yi har yau ina jin kunyar nuna ta, amma tana tashi. Sai dai kalmar "haɗawa" tana ruɗar mutane. Ba kabad ba ce da za ka jera allunanta ka ɗaure da sukuru kafin la'asar. Abin da ke cikin kwalin shi ne bututun ƙarfe, da katako da aka sassaƙa ba a gama ba, da 'yan tagulla masu kaushi kamar yanzu aka fito da su daga zubi. Aikinka shi ne ka zaunar da kowane ƙarfe cikin katakon nan daram, babu motsi babu rata. Wannan zaman shi ne bindigar. Rini da mai da ƙyalli da ke ɗaukar ido a hoto ado ne da ke zuwa daga baya, amma sabon shiga can yake garaje ya tsallake abin da ya fi muhimmanci.

Kafin kuɗinka su fita, maganar doka. A dokar tarayyar Amurka ta 1968, bindigar da ake ɗurawa ta baki da baƙin albarushi, wadda ba ta karɓar harsashin zamani, tana cikin rukunin tsoffin makamai, shi ya sa a yawancin jihohi ake aiko da kwalin har ƙofar gida. Amma kowace jiha da tata dokar. Niyu Jazi, alal misali, tana ɗaukarta bindiga kamar kowace, sai da takarda. Idan kuma zamanka a ƙasar na biza ne, ka tambayi wanda ya san doka tun kafin ka yi oda. Ga masu karanta wannan daga gida kuwa, ba da ku nake ba: Dokar Bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta sa har bindigar toka a ƙarƙashin lasisi, shigo da bindiga ko ƙera ta ba izini kuma laifi ne babba. Kai ma kada ka yi tunanin sa ta a akwati a matsayin tsaraba.

Sannan ka sani abin da za ka haɗa ba irin ta kakanka ba ce, 'yar'uwarta ce ta nesa. Bindigar tokar da muka sani cikinta sumul yake kamar famfo. Asalinta irin waɗanda Turawa suka riƙa kawowa gaɓar Afirka ta Yamma ne, da yawansu ƙirar Birmingham da Liyej, daga baya maƙeranmu suka ɗauki ƙirar. Ta Amurka kuwa an tsaga cikin bututunta da layuka masu murɗewa, su ne ke sa dalmar ta fita tana juyawa kamar katantanwar wasan yara, ta tafi a miƙe. Maƙeran da suka yi hijira daga ƙasashen Jamus suka zauna wajen Lankasta a Pensilbeniya cikin shekarun 1700 su suka ɗauki gajeriyar bindigar farautar ƙasarsu suka tsawaita ta, suka rage faɗin bakinta don dalma da albarushi su yi auki a daji. Ita ake kira ta Pensilbeniya ko ta Kentaki: siririya, bututunta kan kai inci 40 zuwa 44, katako ya rufe ƙasansa har baki. Ɗaya babbar iyalin ita ce Hawken, sunan wasu 'yan'uwa biyu, Jacob da Samuel, masu shago a Sent Luwis tun shekarun 1820. Tasu gajera ce, mai kauri da nauyi, katakonta ya tsaya a rabin bututu, an yi ta don mahaya doki da manyan namun yamma. Kusan duk kwalin da za ka gani a kasuwa ɗaya ne daga cikin biyun nan.

Zaɓi na gaba shi ne yadda wuta ke kamawa. Akwai mai ƙanƙara: dutse ya sari ƙarfe, tartsatsi ya zuba cikin ɗan kasko mai albarushi a gefe, wutar ta bi ta ƙaramin huji ta shiga ciki. Ƙyastu ne dai sak, aka yi masa sifirin. Akwai kuma mai 'yar hular tagulla da ake ɗorawa a kan ɗan nono, guduma ta doke ta, fasahar da ta bazu daga shekarun 1820 bayan wani limamin coci ɗan Sikotlan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar tushenta a 1807. Mai hula ta fi sauƙi, ta fi yafiya, kuma ko mai araha ce tana tashi. Mai ƙanƙara ta fi daɗi nesa ba kusa ba, amma da sharaɗi: ƙyastunta ya zama mai kyau. Idan ƙarfen da dutse ke sara bai sha wuta yadda ya kamata ba, ko sifirin ɗin ya yi laushi, za ka wuni kana jin ƙyas ƙyas ba tartsatsi, ka koma gida kana zagin dukan sana'ar. Don haka shawarata a taƙaice: in kuɗinka kaɗan ne, sayi mai hula. In zuciyarka na kan ƙanƙara, ka ƙara haƙuri ka tara kuɗin mai kyau. Af, baƙar ƙanƙarar da za ka saya ta Ingila ce, kuma garin Brandon da ya yi suna wajen fasa ta ya daɗe yana aika ta Afirka har cikin ƙarni na 20, bayan Turai ta daina amfani da ita. Ba mamaki irin dutsen da za ka ɗaura shi kakanka ya ɗaura.

Kwalayen hawa-hawa ne. Na ƙasa, irin na Traditions da ake ƙerawa a Sifen, 'yan ɗaruruwan daloli ne, an riga an huda kusan komai, aikinka gyaran zama da goge-goge. Doguwar Kentakinsu katakonta biyu ne aka haɗa da farantin tagulla a tsakiya, abin da ba za ka gani a ta asali ba, amma don koyo ba laifi. Na Italiya, irin na Pedersoli da Investarm, sun ɗara su tsada da kyan katako. Sai na Jim Kibler, wanda a jiharka ma yake: injin kwamfuta ne ke yanka katako da ƙarfen, sassan suna shiga juna kusan ba gardama, siffar kuma ta tarihi ce, farashi ya haura dala 1,000. Na Jim Chambers da tarin sassan da Track of the Wolf ke sayarwa kuwa na wanda hannunsa ya faɗa ne, don kai za ka yi yawancin huji da sassaƙa. Kada ka fara da su. Tunda kana Ohayo, ka leƙa Log Cabin Shop da ke garin Lodi, ka ɗaga bindigogi biyu uku ka sa a kafaɗa. Tsawon gindi da nauyin gaba ba a gane su a hoto.

Kayan aiki ba su da yawa: kurfi ƙanana biyu ko uku, magagarin ƙarfe da na katako, samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, abin huji, gudumar katako ko ta roba, abin matse aiki a tebur da aka yi wa shimfiɗar fata, da sukudireba masu bakin da ya cika tsagar sukuru daidai. Na kicin mai bakin tsini zai tauna maka kan kowane sukuru. Sai dutsen wasa wuƙa, wanda ya fi duk sauran amfani. Kurfin da ba zai aske gashin hannunka ba yaga katako yake yi, kuma dakusasshen kurfi ne ke zamewa ya shiga yatsa. Injin gurza mai juyawa da lantarki kuwa, ka kulle shi a wani ɗaki ka ba uwargida makullin.

To ga zuciyar aikin. Bututu ake fara zaunarwa, domin komai daga shi yake ɗaukar awo. Ka kunna kyandir ka bi ƙasan ƙarfen da harshen wutar har ya yi baƙi da kunkunniya, ka sa shi a mazauninsa, ka ɗan buga da gudumar katako, ka ɗaga shi a miƙe. Duk inda baƙi ya fito a katako, nan ne ƙarfe ke tokare. Nan kaɗai za ka kankare, kuma kankarar ta zama kamar ɓawon albasa. Ka sake shafa kunkunniya, ka sake sawa. Sau ashirin, sau talatin, babu wanda ke ƙirga maka. Wurin da ya fi kowane muhimmanci shi ne bayan bututun, inda murfin gindinsa ke jingina da katako. Duk dukan da bindiga ke yi idan ta tashi nan yake sauka. Idan bayan ya zauna sosai, katako gaba ɗaya ne ke ɗaukar dukan. Idan akwai rata, sai nauyin ya koma kan ɗan wutsiyar ƙarfen da ke sama da sukurorin ƙyastu, wata rana ka ga tsaga ta fito a wuyan katakon, inda ya fi siranta. Shi wannan murfin gindi masana'anta ta riga ta ɗaure shi, kada ka kwance shi don son gani.

A ta farkon da na haɗa, wutsiyar nan ta ƙi zama, ni kuma ina sauri don ina son in harba ranar Asabar. Maimakon in bi baƙin kunkunniya, sai na faɗaɗa gefen ramin da ido. Ashe ba gefen ne ya tokare ba, ƙasa ne. Ta zauna, amma da rata ta kowane ɓangare da za ka iya zura farce. Na cusa garin katako da gam, rini ya ƙi kama wurin, ya fito fari fat kamar tabon ƙuna. Da na yanko siririn katako irin na jikin bindigar na liƙa na sake sassaƙawa, da ba wanda zai gani. Haka ake gyara rata, kuma za ka buƙaci sanin haka.

Bayan bututu sai ƙyastu. Gefensa na ciki dole ya manne da jikin bututun ƙam, ko takarda kada ta shiga. In akwai rata, garin albarushi zai riƙa zubewa cikin ramin ƙyastun yana taruwa, ranar da ya kama zai iya fasa katakon dab da fuskarka. Hujin wuta kuma ya faɗo tsakiyar kaskon, daidai da leɓensa na sama, kamar rana tana shirin faɗuwa a bayan gari. Idan ya yi ƙasa, albarushin kasko zai binne shi, wutar ta riƙa ci sannu kamar lagwani, ka ji fuu sannan daram, a tsakanin nan kuwa hannunka ya riga ya motsa. A cikin ramin ka tabbata babu katakon da ke taɓa sifirin ko harshen da kunama ke turawa. Da yawan bindigogin da ake cewa ƙyastunsu ya lalace, wani ɗan ƙurjin katako ne kawai ke danne wani abu a ciki.

Kunama, da kariyarta, da farantin gindi, da bututayen sandar ɗuri duk hanya ɗaya ce, kunkunniya da kankara. Farantin gindi ne zai fi cin ranka, saboda lanƙwasa biyu yake da su kuma a kan ƙarshen katako yake zama inda itace ya fi tauri. Kowane sukuru ka fara yi masa huji, ka shafa masa kakin kyandir ko sabulu. Sukurun tagulla laushi gare shi, sai ka fara buɗe hanya da na ƙarfe mai girmansa. Idan kwalinka na buƙatar hujin ƙusoshin da ke riƙe bututu, ka auna sau uku, ka liƙa wani katako a bayan inda bakin hujin zai fito don kada ya ɓantare.

Abin da ke bambanta bindigar da aka haɗa da hankali da wadda aka haɗa kawai shi ne yawan katakon da aka bari. Masu kwali mai araha suna barin itace da yawa don kada ya karye a hanya, sabon shiga kuma tsoro ke hana shi ragewa, sai bindigar ta fito kamar taɓarya. Na asali sirara ne ƙwarai, katakon gaban ya kwanta jikin bututu kamar fata. Ka nemi hotunan na gidajen tarihi ka ajiye a gabanka. A nan ne kaɗai zan ce ka cire da ɗan ƙarfin hali, amma ka riƙa tuna cewa akwai ramin sandar ɗuri a ciki, kada magagari ya faɗa. Samfefa kuma kullum a naɗe ta a kan ɗan katako, in ba haka ba za ta cinye kusurwoyi komai ya zama dunƙulalle.

Idan ka gama gogewa, ka shafa jiƙaƙƙen tsumma, ka bari ya bushe. Za ka ji gashin itace ya miƙe. Ka goge shi da samfefa mai laushi, ka maimaita har sau uku. Rini ya danganta da itacen. Masu araha galibi wani farin itace ne da ba ya shan rinin mai, sai na sifirit. Walnot ba ya buƙatar komai sai mai. Mapul mai zane kamar jikin damisa kuwa yana da nasa maganin tun zamanin maƙeran Lankasta: ruwan ƙarfe da aka narkar a asid, ana sayar da shi a kwalba. Ka shafa, katakon ya koma wani kore-kore mai muni har gabanka ya faɗi, ka bi shi da iska mai zafi, sai ka ga ja mai duhu yana fitowa, zanen yana tasowa kamar an kunna fitila a cikin itacen. A duk aikin babu lokacin da na fi so kamar wannan. Ka gwada a cikin ramin bututu tukuna inda ba a gani, ka sa safar hannu da tabarau. Daga nan sai mai, ɗigo kaɗan a tafin hannu, a murza har ya yi ɗumi, a bari ya bushe sosai kafin a ƙara. Tsumman da ya sha man linsid kada ka dunƙule shi a kwandon shara, yana iya kama wuta da kansa. Ka shanya shi a waje ko ka tsoma a ruwa.

Bututun kuma fuska takwas gare shi, za ka bi kowace ɗaya da magagari a kwance, kana ja a tsawonsa, har alamun inji su ɓace. Launin ƙasa-ƙasan nan da kake gani a tsoffin bindigogi tsatsa ce aka yi da gangan. A wanke maiƙo tas, a toshe baki da hujin wuta, a shafa maganin, a rataye a wuri mai laima kamar banɗaki bayan wanka, a goge tsatsar sama da tsumma mai kaushi, a sake. Idan launin ya yi, a kashe maganin da ruwan da aka jiƙa bekin soda a ciki, a shafe da mai. Yatsa ɗaya mai maiƙo ya isa ya bar tambarinsa a jikin ƙarfen. Wasu ma barinsa suke fari ya tsufa da kansa, kuma hakan ma yana da asali.

Kafin albarushi ya kusanci bindigar, ka gwada ta ba komai a ciki. Ka ja gudumar zuwa tsayawar farko, ta rabi, ka ja kunama: kada ta saki. Ka ja ta har ƙarshe, ka tura ta da babban yatsa, ka ɗan buga gindin a ƙasa: kada ta faɗi. In ta faɗi, aiki bai ƙare ba, ka kai wa maƙerin bindiga. Sannan ka zura sandar ɗuri cikin bututu ka yi mata alama a daidai baki. Daga ranar, wannan alamar ce za ta gaya maka ko akwai ɗuri a ciki.

Albarushi baƙi kaɗai, ko madadinsa da aka yi don bindigar ɗuri. Na harsashin zamani marar hayaƙi, komai ƙanƙantarsa, fasa bututun yake yi. Mai ƙanƙara kuma ainihin baƙin take so, don madadin irin Pyrodex ba ya saurin kamawa da tartsatsi. Yawan da za ka zuba yana cikin littafin da ya zo da kwalin, ka fara daga na ƙasa. A ma'auni ake zubawa sannan a juye cikin bututu, ba a taɓa zubawa kai tsaye daga ƙaho ko gwangwani, saboda ƙila akwai sauran garwashi a ciki. Mai baki .50, wato faɗin rabin inci, tana cin dalma .490 da aka naɗe a ɗan ƙyallen auduga mai maiƙo, kaurinsa wajen .015 na inci. Ka tura ta har ta zauna a kan albarushi, don dalmar da ta tsaya a rabin hanya tana kumbura bututu. Fuskarka kuma kada ta taɓa zama a saman baki. Wata rana za ka manta ka tura dalma ba albarushi, kowa ya yi, don haka ka sayi ɗan sukurun zaro ta tun yanzu.

Harbinka na farko ka yi shi kusa da wanda ya saba. Ƙungiyar masu bindigar ɗuri ta Amurka, wadda aka kafa a 1933, tana da filinta a wani ƙauye mai suna Friendship a Indiyana, ba nisa da Sinsinati, kuma suna babban taro a watan Yuni da Satumba. Ka ɗauki taka ka je ko da ba ta yi kyau ba. Tsofaffin wurin za su juya ta su nuna maka kowane kuskure, su kuma nuna maka gyaransa.

Ranar da ka harba, ranar za ka wanke. Tokar baƙin albarushi tana jan laima, kwana ɗaya ya isa ta fara cin cikin bututu. Ruwa ne maganinta: ka toshe hujin wuta da tsinken sakace, ka zuba ruwa, ka zubar, ka bi da ƙyalle har ya fito fari, ka busar, ka shafa mai. Ka cire ƙyastun ka wanke bayansa da tsohon burushin haƙori. Bayan kwana biyu ka sake zura farin ƙyalle ka duba ko ja ya fito. Warin ruwan wankin kamar ruɓaɓɓen ƙwai ne saboda farar wutar da ke ciki, don haka a gareji ko a waje za ka yi, ba a wurin wanke-wanken uwargida ba.